Bitcoin Core a Damagaram: rezonsa nagari ne, amma yana shan forfe

Bitcoin Core manhaja ce ta kyauta da ke mai da kwamfuta nod, wato inji mai tantance cinikayyar Bitcoin da kansa, kuma sashenta da ke haɗa nod da takwarorinsa yana aiki yadda ya kamata. Da an kunna, yakan nemo adireshi da kansa ya buɗe hanya 10 zuwa waje: 8 na tubala (ƙunshin cinikayyar da ake jerawa a sarƙar Bitcoin) da cinikayya, 2 na tubala kaɗai. Waɗanda ya sani yana ajiye su a fayil peers.dat, don haka gobe ba sai ya sake lalube ba. Tun daga siga ta 27, a 2024, zancen nod da nod a rufe yake tafiya, na kan hanya ba ya iya karanta shi, ba tare da an saita komai ba. Aibinsa ɗaya ne, babba kuwa: an tsara shi don mai intanet marar iyaka, ba don mai sayen forfe a bakin kasuwar Dole ba.

Saukarwar farko, wato sauko da duk tubalan da aka yi tun farkon Bitcoin, ta haura giga 600. Mutane da yawa suna sa prune=550, layin da ke goge tsofaffin tubala, a fayil ɗin saiti bitcoin.conf da zaton za ta ragu. Ba ta raguwa. Wuri kawai ake ragewa a diski, amma kowane tubali sai an sauko da shi, an tantance, sannan a goge. Dabarar da ta fi ita ce a kai injin wurin mai cikakken nod wanda bai yi prune ba, a haɗa su a wifi ɗaya, a rubuta connect= da adireshinsa na cikin gida, irin 192.168.1.20. Nod ɗinka zai tantance komai da kansa, forfe bai taɓu ba. Idan an gama a goge layin. Wanda ya manta ya dawo gida zai tarar ba takwara ko ɗaya, domin connect= yana hana neman wasu.

Bayan nan tubala kusan 144 ke fitowa a rana, abin da bai fi mega ɗari biyu zuwa uku ba. Mai cin rezo a ɓoye shi ne yaɗa cinikayyar da ba ta shiga tubali ba. Layin blocksonly=1 yana tsayar da ita. Illarsa ita ce nod ba zai iya ƙiyasta ladan aikawa ba, sai ka sa da hannu.

Ƙofa 8333, wadda nod na waje ke bi su iso naka, ita ce ke wahalar da jama'a. A buɗe ta a akwatin wifi na 4G, a jira kwana biyu, umurnin getnetworkinfo ya nuna connections_in, wato adadin masu shigowa, sifili. Ba laifin manhajar ba ne. Rezon salula yakan tara masu layi da yawa a bayan adireshi guda, don haka na waje ba ya iso ka komai ka buɗe. Nod ɗin lafiyarsa lau da hanyoyinsa 10. Mai son karɓar baƙi ya girka Tor, manhajar ɓoye adireshi, ya kunna ControlPort 9051 a fayil ɗin saitinta torrc, Bitcoin Core za ta ƙirƙiri adireshin onion (adireshin cikin Tor) da kanta. To a nan ne maxuploadtarget=500, mai taƙaita abin da nod ke aikawa waje a rana, yake zama dole, a kuma rage maxconnections, wato yawan hanyoyi, daga 125 zuwa 20. In ba haka ba, kuma nod ɗinka bai yi prune ba, wani sabon nod a wata ƙasa zai cika diskinsa da forfenka. Umurnin getnettotals yana nuna abin da ya shiga da abin da ya fita.

Ɗaukewar wuta ba ta cika ɓata rezo ba, bayanan diski take ɓatawa. A nod mai prune, reindex, wato sake gina bayanan da suka ɓaci, yana nufin sake sauko da giga 600 ɗin nan tun daga farko, shi ya sa ondilar ko batirin sola ya fi diski mai tsada muhimmanci. A riƙa kashewa da bitcoin-cli stop. A duba agogo kuma: tsohuwar kwamfuta da ƙaramin batirinta CR2032 ya mutu tana tashi da kwanan wata na baya, kuma nod yana ƙin duk tubalin da ya wuce agogonsa da fiye da awa biyu. Sai a ga tsawon sarƙa ya tsaya cik, ko ma nod ɗin ya ƙi tashi.