Testar fawa fak mai ɗan allo: tana kama mai laifi, amma ba ta wanke wanda ake zargi

Duk wanda ya haɗa kwamfutar tebur da hannunsa a Sakkwato ya san kayan ba daga wuri ɗaya suke fitowa ba. Madabod da furosesa daga Computer Village ta Ikeja, RAM wataƙila daga Kano, kesin da fawa fak (akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta) kuma na Beljiyam da aka tsinta a gari. Ranar da aka gama ɗaure komai, aka danna maɓalli, kwamfuta ta yi gum, abin da ke gaban mutum shi ne ya san wanne zai mayar. Tsakanin Sakkwato da Legas kusan kilomita 1,000 ne, webil kuma kuɗi ne zuwa da dawowa. In ka tura lafiyayyen madabod ka bar mataccen fawa fak a ɗaki, ka yi asarar kuɗin mota da kwanaki, ga mai kaya zai ce kai ka taɓa masa abu. A nan ne 'yar na'urar gwada fawa fak take da rana.

Ba testar masu wayarin ake nufi ba, mai kama da sukundireba da ɗan ƙwai a ciki. Wannan 'yar baƙar akwati ce da za ta zauna a tafin hannu, da ɗan allo a tsakiya. Masana'antu da yawa a Sin ke buga ta iri ɗaya, shi ya sa galibi ba ta da sunan kamfani. Akwai mai suna irin Dr. Power II ta Thermaltake, amma mara sunan ita aka fi cin karo da ita, ita kuma ake magana a kai. Ba ta cin batir, daga fawa fak ɗin da ake gwadawa take shan wuta. A kai ɗaya akwai babban soket mai fil 24, a ɗaya kan akwai na furosesa mai fil 4 ko 8 da na katin hoto mai fil 6, a gefe kuma na SATA da Molex da na tsohon fulofi wanda babu mai nemansa yanzu.

Aikin da ita ba wuya. Ka kashe makunnin bayan fawa fak zuwa O, ka zare duk wayoyinsa daga madabod da kati da disk, kada ka bar ko ɗaya. Ka soka babban fulogi mai fil 24, ka soka na furosesa, sannan ka mayar da makunni zuwa I. Testar da kanta za ta tada shi, domin tana haɗa koriyar waya, wato fil na 16, da baƙar waya ta ƙasa, kamar yadda madabod ke yi. A lura da na furosesan nan: in ba a soka shi ba, gurbin +12V2 a allo zai nuna LL, wato wuta ta yi ƙasa, na'urar ta dinga ƙara ba ƙaƙƙautawa. An sha yanke wa lafiyayyen fawa fak hukunci a kan wannan mantuwar kawai.

Lambobin da allo zai fitar suna da iyakar da ATX, wato ƙa'idar ƙera fawa fak da madabod, ta gindaya, kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa. Layin 12V ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, na 5V tsakanin 4.75 da 5.25, na 3.3V tsakanin 3.14 da 3.47. Layin 5VSB, wayar nan shunayya da ke ɗauke da wuta ko kwamfuta na kashe, iyakarsa ɗaya da ta 5V, kuma shi ya kamata a fara duba in kwamfuta ta mutu murus ba ko ƙyaftawar fitila, domin da shi madabod ke jin an danna maɓalli. In babu shi, ko ka danna sau ɗari babu mai amsawa.

Inda testar ta ci kuɗinta shi ne lamba ta ƙarshe, wadda aka rubuta PG, wato Power Good. Fawa fak ba ya sakin furosesa ya fara aiki sai layukansa sun daidaita, sannan ya aika alama ta wayar nan mai ruwan toka, fil na 8, cewa wuta ta zauna. Ƙa'ida ta ce alamar ta iso tsakanin milisakan 100 zuwa 500. In ba ta zo ba, ko ta makara, za ka ga fankoki na juyi, fitilu a kunne, allo baƙi ƙirin, ka yi ta canza RAM a banza. Tsohuwar dabarar lanƙwasa ɗan ƙarfe a haɗa koriyar waya da baƙa ba ta nuna wannan, iyakarta ta gaya maka fanka ta juya. Ita ma shaidar fankar ta yi rauni yanzu, tunda fawa fak da yawa ba sa juya fanka sai sun ɗau zafi. Maltimita za ta nuna maka akwai 5V a wayar tokar, amma ba za ta auna maka lokacin ba. Don wannan lambar kaɗai testar ta cancanci zama a durowar mai gyara.

Tana da ƙaryarta, sai ka san ta. Fitilar -5V, in testar na da ita, ba za ta taɓa kamawa ba a fawa fak na zamani, an cire layin daga ƙa'ida tun farkon shekarun 2000. Wasu sababbi ma sun bar -12V, testar kuwa ba ta sani ba, sai ta yi ta kuka. Wasu kuma suna aiko da PG da sauri fiye da yadda aka saita ta, ta ce laifi ne alhali ba laifi ba. Lambobinta ma ba na rantsuwa ba ne: gurbi ɗaya take nunawa bayan ɗigo, tana iya kaucewa da 0.1 ko 0.2. In ta ce 11.5, a tabbatar da maltimita kafin a yanke magana.

Babban gibinta shi ne ba ta aza wa fawa fak kaya. Abin da take ja bai taka kara ya karya ba, ita kuwa kwamfuta a sakan na farko take ɗora nauyinta gaba ɗaya. Jakin da aka gani yana sassarfa ba mangala ba a san ƙarfinsa ba tukuna. Fawa fak zai nuna 12.1 a testa, a mayar da shi kesin, fanka ta yi juyi ɗaya ta tsaya. Abu biyu ke jawo haka a nan garin. Na farko tsufan kafasito. Masu harkar lantarki suna da lissafin cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin rayuwar irin kafasiton da ke cikin fawa fak, mu kuwa a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, ga ƙurar hunturu da ke toshe ragar fanka kafin bazara ta iso. Fawa fak na Beljiyam da ya riga ya yi shekaru a wani ofis a Turai ba ya daɗewa a irin wannan hali. Gajiyayyen kafasito yana barin wuta tana rawa, ƙa'ida kuma ta yarda da rawar milibolt 120 kawai a layin 12V. Testar makauniya ce a nan.

Na biyu ƙaryar takarda. An manna 500W a jiki, ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar gwangwanin madara. Kada ka kalli babban rubutun, ka nemi layin +12V a jadawalin ka ga amfiya nawa aka rubuta, ka ninka da 12. In 18A ne, wat 216 ke nan. Katin RX 580 shi kaɗai yana cin wajen wat 185, RTX 3060 wat 170, ba a sa furosesa ba. Irin wannan fawa fak zai ci jarrabawar testa lafiya lau, domin ba mataccen ba ne, ƙarami ne aka sa masa babbar riga. Hanyar kama shi ita ce a bar shi a haɗe da kwamfuta, a soka bakin maltimita a wayar rawaya da baƙa ta wani Molex da ba a amfani da shi, a danna maɓalli ana kallon allo. In lamba ta nutse ƙasa da 11.4 lokacin tashi, magana ta ƙare. Wanda ke da wani fawa fak da ya yarda da shi, musanyawa ta fi sauri.

Wutar bango ma ba ruwan testar da ita. Tsofaffin fawa fak suna da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230. Wanda ya fito daga Amurka yakan zo a kan 115, in aka soka shi a wutarmu ta 230 haka nan, ƙara ɗaya zai yi da hayaƙi. A duba kafin a soka, ko a testa ne. Wasu masu araha an rubuta musu 200 zuwa 240V kawai, ranar da wutar nepa ta zo rabi ba za su tashi ba, mai 100 zuwa 240V kuwa bai damu ba. Inbata mai arha wadda wutarta ba sumul take fita ba takan yi faɗa da fawa fak na zamani, ya dinga tsiwa ko ya kashe kansa. Kafin a zargi kowa, a gwada wani soket, a cire doguwar waya mai bakuna da yawa, a canza kebul ɗin bango, domin fis ɗin da ke cikin fulogi mai ƙafa uku yana ƙonewa shiru.

Wani amfani da ba a cika faɗa ba: fawa fak mai wayoyin cirewa. Bakin da ke shiga jikin fawa fak ba shi da tsari ɗaya tsakanin kamfanoni, har a kamfani ɗaya yakan bambanta. Wayar wani tana shiga jikin wani daram, ta kai 12V inda 5V ya kamata, ta ƙone disk nan take. In an sayo na hannu da wayoyin da ba a tabbatar nasa ba ne, a fara soka su a testa ɗaya bayan ɗaya. Gara ita ta ƙone da disk mai ɗauke da aikin shekara.

To in ta ce lafiya, kwamfuta kuma ta ci gaba da shiru? Aikinta ya ƙare, sauran naka ne. Ka fito da madabod daga kesin ka ɗora a kan kwalinsa, da furosesa da fankarsa da RAM ɗaya tak a gurbin A2, wato na biyu daga furosesa a yawancin bod. Ka taɓa filoli biyu na PWR_SW, inda wayar maɓallin kunnawa ke shiga, da bakin sukundireba. In ta tashi a kwali ta ƙi a kesin, ko dai akwai ƙafar tagulla da aka ɗaura inda babu rami tana taɓa bayan bod, ko an soka wayar maɓalli a gurbin da ba nata ba. Fulogin furosesa mai fil 8 yana rabewa 4 da 4, na katin hoto 6 da 2, kuma wutarsu a juye take, kada a danna wani a gurbin wani don an ga ya kusa shiga. In fanka na juyi ba hoto, ka duba ina HDMI yake: i5-12400F da duk Intel mai F a ƙarshe, da Ryzen 5 3600 da 5600, ba su da hoto a cikinsu, dole waya ta shiga kati. Tsohon bod na B450 ba zai gane Ryzen 5000 ba sai an sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin bod ɗin. Bod na AM5 da DDR5 kan yi mintoci a tashin farko yana daidaita RAM, mai gaggawa sai ya kashe ya ce ta mutu. Zare ɗan batirin madabod, CR2032, na 'yan mintoci, da wutar bango a cire, yana goge saitin da ya rikice. RAM ɗin da ya kwana a shago cikin ƙura kuma, a goge haƙoransa da kilina ta fensir, a danna shi sosai har maƙallan su yi ƙas.

Duk wannan testar ba ta san da shi ba, shi ya sa ya kyautu mai sayenta ya haɗa da ɗan bazan nan mai fil 4 da ake sokawa a gurbin SPEAKER na madabod, wanda ƙararsa ke nuna inda matsala take, sai fa in bod ɗinsa na da fitilun nan huɗu na CPU, DRAM, VGA da BOOT.

Mai shagon gyara, da mai haɗa wa mutane kwamfuta, da mai yawan sayen fawa fak na hannu, su saya ba tare da dogon tunani ba. Kuɗinta bai kai na fawa fak mafi araha ba, tana shiga aljihu, kuma cikin sakan goma za ka tace matattu a gaban mai kaya kafin kuɗi su fita. Wanda kwamfuta ɗaya zai haɗa a rayuwarsa ya ara, ko ya sa kuɗin a maltimita, wadda za ta yi masa aiki a sola da batir da wayarin gida. Masu ɗora gini a kan tsofaffin kwamfutocin ofis na Dell da HP su sani yawancinsu fulogin fawa fak ɗinsu na musamman ne, mai fil 6 ko 8, ba ya shiga testar sam. Sabon fulogin katin hoto mai fil 16 shi ma ba shi da gurbi a jikinta.

Tana ɗaukar zafi in aka bar ta a haɗe, minti ɗaya ya isa a karanta komai a kashe. Soket ɗinta mai fil 24 kuma yana kamewa tamau. A danne maƙallin, a riƙe robar fulogin ana ɗan girgiza shi gefe da gefe, kada a ja ta wayoyi, domin fil ɗaya in ya zame baya a cikin robar, ka ƙirƙiro sabuwar matsalar da ba ta nan a da. Fawa fak ɗin da ta kayar kuwa kada a buɗe shi don leƙe: babban kafasiton cikinsa yana riƙe kusan 400V, kuma ba lallai ya sauke da zarar an zare waya ba.