Wane tambari za ka yarda da shi idan ba ka son nama a abincin kanti a Ingila?

Sambusa ce ta koya mini karatun kwali. Wata ranar Juma'a na tsaya a wani babban kanti, ɓangaren da suke soya abinci su zuba a leda, na ɗauki wadda aka manna wa takardar "Vegetable". Sai da na gatsa na biyu na ji niƙaƙƙen nama a haƙorina. Na koma, yarinyar da ke wurin ta ce tire biyu ne aka haɗa wuri ɗaya, ta ba ni haƙuri ta mayar mini da kuɗina. Kuɗin dai sun dawo, abin da ya shiga ciki kuwa ya riga ya shiga.

Yawancinmu da ke zaune a nan ba masu ƙin nama ba ne. Muna fakewa ne da abincin masu ƙin nama saboda ba mu san yankan wa aka sa a ciki ba. Shi ya sa kuskuren da Bature mai cin ganye zai yi tsaki ya wuce, mu sai ya tsaya mana a rai kwana da kwanaki.

Rubutun "Suitable for vegetarians", wato ya dace da marasa cin nama, shi ne ya fi yawa, kuma kamfani ne ya rubuta wa kansa. Ɗan kasuwa ba ya kushe hajarsa. Ina saye idan ba wani zaɓi, amma sai na juya bayan kwalin.

Tambarin Vegetarian Society, ƙungiyar da aka kafa tun 1847, ya fi wancan daraja domin wasu ne daga waje suke duba kayan haɗin. Sai dai a 2018 jaridar Daily Telegraph ta aika wasu abinci zuwa ɗakin gwaji a Jamus, ta ruwaito cewa an ga burbushin alade a wani curin "nama marar nama" na kantin Sainsbury's mai ɗauke da wannan tambari, da burbushin talotalo a wata taliyar kantin Tesco. Sainsbury's ta ce a masana'antar da ba a sarrafa nama ake yin nata, kuma binciken da suke yi bai nuna matsala ba. Ka ji duka ɓangarorin. Ni dai tun lokacin na rage sakankancewa.

Tambarin fure na ƙungiyar Vegan Society ya fi tsauri, ba madara ba ƙwai ba zuma, amma bai hana giya ba, don haka miya ko kayan zaƙi sai ka karanta.

Wanda na fi natsuwa da shi, in faɗi gaskiya, ba na Ingila ba ne. Ɗigon kore ne na Indiya: ɗan da'ira kore a cikin akwati mai layin kore, da za ka gani a jikin biskit, wake na gwangwani, kayan yaji da abincin da aka dafa aka rufe a leda, a shagunan Indiyawa na Leicester, Southall ko Bradford. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne a can doka ce ta tilasta shi, ba ra'ayin kamfani ba. Kusan duk abincin da aka ƙulla don sayarwa a Indiya sai ya ɗauki ko kore, ko ruwan ƙasa idan akwai abin dabba a ciki, kuma ko ƙwai ne ya shiga ba ya samun kore. Madara da zuma kuwa an yafe su. A da alamar nama da'ira ce ruwan ƙasa, yanzu an mayar da ita mai kusurwa uku don wanda ba ya bambance launi kada ya ruɗe. Bayan doka akwai mutanen da suke tsaron ta da imaninsu. Su ne irin waɗanda suka kai McDonald's ƙara a Amurka kan ɗanɗanon naman shanu a soyayyen dankali, har a 2002 kamfanin ya nemi afuwa ya amince da biyan dala miliyan 10. Kamfanin da kasuwarsa ke hannun irin waɗannan mutane ba ya wasa da ɗigon nan. Aibinsa ɗaya a wurina, yaji. Yarana sun sha ruwa sun gaji.

Tambarin halal na ƙungiyoyin tantancewa irin HMC ko HFA zancen nama ne, ba abin da muke nema a nan ba.

To yanzu ga inda ake cin mutane. Hoton ganye kore a kwali ba tambarin kowa ba ne, mai zane ne ya ga ya yi kyau. "Plant-based" da "Veggie" kalmomin talla ne. Kwali kore ma haka. Wasu kamfanoni suna yin kwalin na nama da na wake kusan iri ɗaya, a jera su a firji ɗaya, kana sauri yara na jan rigarka sai hannu ya ɗauko na kusa. Kada kuma ka ce babban kanti ba ya kuskure: a 2013 hukumar abinci ta Ireland ta gano naman doki a boga da aka ce na shanu ne, aka bi sawu har aka sami lazanyar kamfanin Findus, wata taliya mai niƙaƙƙen nama, da namanta kusan duk doki ne. A shekarar ce kuma aka ga burbushin alade a abincin da aka kai gidajen yarin Ingila da sunan halal. In ana iya yin haka da nama sukutum, ina ga ɗan kitse a miya?

Akwai kuma waɗanda ba ƙarya aka yi ba, ɓuya suka yi a jerin kayan haɗi. Jelatin a alewa mai taushi da wasu yogot, sau da yawa daga fatar alade. E120, jan launi daga ƙwari. E471, wanda zai iya zama daga man shuka ko kitsen dabba, kuma kwali ba ya faɗa. Cukun Parmesan na asali ba a yin sa sai da sinadari daga tumbin ɗan maraƙi, don haka miyar pesto da ta yi kore shar ba lallai ta tsira ba.

Abincin da aka soya aka ƙulla a cikin kantin kansa ne na fi tsoro. Tun Oktoban 2021 doka ta ce dole a rubuta masa cikakken jerin kayan haɗi, amma doka ba ta riƙe hannun ma'aikacin da ke manna takarda ƙarfe shida na safe. Sambusa, fanke mai cusa da makamantansu, yanzu sai na ɓara ɗaya biyu na leƙa cikinta tun ina bakin ƙofar kantin, rasit yana hannuna.