Hattara da masu tallar hutun bakin teku a Zanzibar da Maldibs

Jama'ar Abuja, musamman ango da amarya masu shirin tafiya bayan biki da iyayen da ke son fitar da iyali hutun ƙarshen shekara, a yi hattara. Akwai shafuka a Instagram da zaurukan WhatsApp da ke tallar kwana biyar a otal ɗin bakin teku a Zanzibar ko tsibiran Maldibs, har da jirgi da biza da abinci, a kan kuɗin da bai kai ko na tikitin zuwa da dawowa ba. Hoton gwanin sha'awa: farin yashi, ruwa garai-garai, ɗakin katako a kan teku da matakala mai sauka cikin ruwa. Otal ɗin na gaske ne, daga shafinsa aka kwashi hoton. Mai tallar ne ba shi da wata alaƙa da shi.

Za su ba ka adireshin ofis a Wuse 2 ko Garki, amma kullum "oga ya fita". Sai a hau matsa maka: "Alhaji, ɗaki biyu ya rage, ka tura rabi yau kafin dala ta tashi." Lambar asusun kuma ta mutum ce, ba ta kamfani ba. Wannan kaɗai ya isa ka ja da baya.

Abin da ya fi cin mutane shi ne takarda. Da ka tura kafin alƙalami, sai a aiko maka da shaidar kama ɗaki ɗauke da sunanka da sunan otal da lamba. Sau da yawa ba ta bogi ba ce. Manyan shafukan kama otal suna barin mutum ya riƙe ɗaki bai biya ko sisi ba, ya kuma soke kyauta kafin wata rana da aka ƙayyade. Ɗan damfara sai ya kama da sunanka, ya turo maka, ka cika kuɗi, shi kuma ya soke. Wani kuma da katin banki na sata yake biya. Idan mai katin ya kai ƙara, banki ya janye kuɗin, otal ya tare ka a wurin karɓar baƙi da jakunkuna a hannu, ko ka biya ko ka fita. Don haka kada ka tambayi otal "akwai sunana?" kawai. Nemo imel ɗinsu daga shafinsu da kanka, ba wanda mai talla ya ba ka ba, ka tambaye su abu uku a rubuce: an biya duka? Wa ya biya? Ana iya sokewa?

Haka tikitin jirgi. Lambar nan mai haruffa shida da ake turo maka tana nuna an riƙe kujera ne kawai, kuma idan ba a biya ba tana mutuwa da kanta. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13. Na Ethiopian Airlines yana farawa da 071, na Qatar Airways da 157. Shiga shafin kamfanin jirgin ka duba da idonka. Daga Abuja sai an ya da zango a Adis Ababa ko Doha ko wani gari, saboda haka duk wanda ya ce maka jirgi zai ɗauke ka kai tsaye ya ajiye ka a tsibiri, ka san da wa kake magana.

Batun biza ma nan ake gane su. Zanzibar ɓangaren Tanzaniya ce, kuma mai fasfon Najeriya ba ya samun biza a filin jirgi. Sai ya nema tun daga gida ya jira amincewar hukumar shige da fice, abin da kan ɗauki makonni. Mai alkawarin fito maka da ita cikin kwana biyu ƙarya yake. Maldibs kuwa bizar kwana 30 kyauta ake bayarwa idan an sauka, fom ɗin IMUGA da ake cikewa ta intanet shi ma kyauta ne, amma ana karɓar "kuɗin biza" a hannun bayin Allah. Katin rigakafin shawara kuma ka je ka yi allurar ka karɓa daga jami'an lafiya na gwamnati, kada ka yarda a "haɗa" maka.

Akwai kuma masu rabin gaskiya, waɗanda za su kai ka amma su ɓoye ragowar lissafi. Tun 1 ga Oktoban 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar gwamnatin tsibirin, dala 44. A Maldibs, daga Janairun 2025, harajin muhalli a manyan otal dala 12 ne kowane mutum kowane dare. Wanda ya fi zafi shi ne kai ka otal daga filin jirgin Male: yawancinsu kowanne a nasa tsibirin yake, sai da jirgin ruwa ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan teku, wanda kan ci ɗaruruwan daloli kuma ba ya tashi da dare. Ka tabbatar an rubuta ko karin kumallo kaɗai ne ko abinci sau uku, domin a irin wannan tsibiri babu wani gidan abinci sai na otal. A Zanzibar a duba wata da wuri: Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi, shi ya sa farashi ke faɗuwa, kuma a gabas, kamar Paje da Jambiani, ruwa kan janye da nisa na sa'o'i, saɓanin Nungwi da Kendwa a arewa.

Kafin biya, duba sunan kamfanin a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka nemi shaidar zama mamba a NANTA, ƙungiyar kamfanonin shirya tafiye-tafiye ta Najeriya, ka taka ƙafa zuwa ofishin. Rajista kaɗai ba ta wanke kowa, amma rashinta ya gama magana.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya kira bankinsa a take, ya nemi a bi sawun kuɗin tun ba a kwashe ba. Ya ɗauki hoton duk hirarsu da shaidar turawa da shafin tallar kafin a goge, sannan ya kai ƙara a rubuce hedikwatar EFCC da ke Jabi. Idan wani ya kira daga baya yana cewa zai ƙwato masa kuɗin in ya biya wani abu, kada ya tura ko kwabo. Galibi su ne suka sake dawowa da wata lamba.