Sharhi kan Volkswagen 1300 Beetle ta Tamiya a ma'aunin 1/24

Na shafe kusan mako biyar ina haɗa wannan 'yar mota ta roba, sa'a ɗaya ko biyu a kowane dare, kuma fiye da rabin lokacin ya tafi ne wajen jiran fenti ya bushe. Kamfanin Tamiya, wanda ke birnin Shizuoka a Japan, shi ne ya fitar da ita tun a shekarun 1990 da lamba 24136, tana kwaikwayon Volkswagen Beetle ƙirar 1966 a ma'aunin 1/24, wato kowace santimita ɗaya a jikinta tana wakiltar santimita 24 a jikin motar gaske. Idan an gama haɗa ta tsawonta bai wuce kimanin santimita 17 ba. Da na ɗora rula tsakanin tsakiyar tayar gaba da ta baya sai na sami santimita 10, wanda ya yi daidai da milimita 2,400 na motar asali, kuma tun daga nan na fara amincewa da waɗanda suka sassaƙa ta.

Zaɓen shekarar 1966 da suka yi zaɓe ne na masu sanin mota. A watan Agustan 1965 ne Volkswagen ya fara sa wa Beetle injin mai cc 1,285, wanda ake kira 1300, ya kuma sauya tsarin ƙafafun gaba, ya kawo wili mai ramuka da murfi wanda bai kai na da tudu ba. Amma har a lokacin motar tana riƙe da tsohuwar fuskarta: fitilun gaba a kishingiɗe cikin madgad da gilashi a kansu, lantarki mai bolt 6, da bakin tankin mai a ɓoye ƙarƙashin bonet, ta yadda sai an ɗaga shi kafin a sha mai. Bayan shekara biyu fitilun sun miƙe tsaye, bamba ta yi kauri, siffar ta soma canzawa. Saboda haka wanda ya haɗa wannan samfuri yana riƙe ne da Beetle a ƙarshen tsohuwar kamarta, 'yan shekaru kafin ranar 17 ga Fabrairun 1972 da ta wuce Ford Model T, motar da ke kan gaba kafin nan, a yawan waɗanda aka ƙera.

A cikin kwalin akwai bodin motar, da faranti na ƙasa, da rassan roba masu ɗauke da ƙananan sassa, da reshe na gilasai da fitilu, da wani mai ƙyalli na bamba da murafen wili, da tayoyi na roba mai laushi, sai takardar umarni mai zane-zane. Ba a sa gam ko fenti a ciki ba, kamar yadda aka saba da irin waɗannan kaya. Mai haɗawa yana bukatar ƙaramar filaya mai yanka, da wuƙa mai siririn baki, da hantsaki, da samfefa mai laushi daga lamba 600 zuwa 2000.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda tsarin haɗawar yake bin tsarin ƙera motar ta gaske. Beetle ba ta da gangar jiki guda irin ta motocin yanzu. Tana da faranti a ƙasa mai ƙashin baya a tsakiya, wanda ke ɗauke da injin da giyabos da ƙafafu da kujeru, sannan a kifa bodi a kai a ɗaure da kusoshi. Haka nan ake yi a kan tebur. An fara da injin, wanda ke bayan motar, mai silinda huɗu a kwance, biyu a dama biyu a hagu, kuma da yake iska ce ke sanyaya shi babu lagireto ko kaɗan. A madadinsa akwai gidan fanka a tsaye a bisa injin, da janareto a jikinsa, da fanbel ɗaya da ke juya janareton da fankar tare. Sai da na riƙe waɗannan sassa da hantsaki, kowanne bai fi ƙwayar wake ba, sannan na fahimci abin da ya sa tsinkewar fanbel a Beetle ba ƙaramin al'amari ba ne: idan ya tsinke fanka ta tsaya, idan fanka ta tsaya injin ya ɗau zafi nan take. Na sha karanta wannan, amma ganinsa a tafin hannu daban ne. Giyabos yana gaban injin, sandunan da ke juya tayoyin baya suna fitowa daga gefensa biyu, salansa kuma tana kwance a can ƙarshe da bututu biyu.

Sassan suna shiga juna ba tare da gardama ba. Kusan ko'ina na haɗa su a bushe tukuna, na ga sun zauna, sannan na taɓa bakin haɗin da buroshin gam mai ruwa-ruwa, irin su Tamiya Extra Thin Cement, wanda ke bin tsagar da kansa ya narkar da fuskokin biyu su zama ɗaya. Ban bukaci cike wani giɓi ba a injin ko a faranti. Wayoyin fulogi na ƙara su da kaina da siririyar waya, domin murfin injin yana iya zama a buɗe, kuma ido yana neman waɗannan wayoyi huɗu da zarar ya leƙa. Injin na shafe shi da launin alminiyam mara ƙyalli, gidan fanka da baƙi mai ɗan sheƙi, sannan na zuba baƙin fenti da aka tsinka sosai cikin lunguna domin tsagogin su fito.

Cikin motar bai ɗauke ni lokaci ba, kuma laifin na motar asali ne, domin ita ma ba ta da tarkace. Dashbod ƙarfe ne mai launin bodi, da agogon gudu guda ɗaya a gaban direba, sai sitiyari siriri, da sandar giya, da birkin hannu tsakanin kujeru. A gaba, ƙarƙashin bonet, akwai safaya da tankin mai a bayanta. Dare biyu ya ishe su.

Wahalar gaske tana kan bodi, kuma a nan ne nake ganin mai saye ya kamata ya san abin da yake shiga. Jikin Beetle duk lanƙwasa ne, daga rufi zuwa madgad huɗu, ba shi da kusurwa ko faffadan layi da zai ɓoye kuskure. Haske yana zagaya shi kamar yadda yake zagaya ƙwai, saboda haka ƙura ɗaya ko karce ɗaya ana hango shi daga nesa. Duk abin da aka zuba a mazubi yana fitowa da siririn layi a inda ɓangarorin mazubin suka haɗu, kuma dole ne a bi bodin da yatsa a gano waɗannan layuka a goge su, tare da kiyaye kada a goge adon da ke bin gefen motar. Bayan haka na wanke shi da ruwan sabulu don cire maiƙon hannu, na fesa farar shimfiɗa, wato fentin farko da ke sa launi ya kama, na sake gogewa da lamba 1500.

A feshin launi na yi gaggawa, na kuma biya. Na zaɓi shuɗi mai haske, na yi feshi biyu marasa nauyi kamar yadda ya kamata, amma a na uku sai na matso da gwangwanin kusa ƙwarai ina neman sheƙi, fenti ya taru a kwarin da ke tsakanin madgad na baya da bodi, ya gangaro ya daskare kamar hawaye. Babu abin yi sai haƙuri. Na bar shi kwana bakwai ya yi tauri, na naɗe samfefa a jikin tsinken sakace, na riƙa gogawa da ruwa a hankali har tudun ya baje, sannan na sake feshi daga nisan kamu ɗaya. Da na tashi gogewa ta ƙarshe da man sheƙi, sai na tsaya tun kafin ya zama madubi. Wannan motar iyali ce, wadda aka yi don kai yara makaranta da ɗauko kaya a kan rufi, kuma idan ta yi ƙyallin motar baje koli sai ta koma abin wasa. A ganina sheƙi matsakaici ya fi dacewa da ita nesa ba kusa ba.

Sassa masu ƙyalli suna da nasu sharaɗin. Gam na roba ba ya kama rufin ƙyallin, don haka sai an kankare shi da bakin wuƙa a daidai inda za a manna, kuma duk inda aka yanke sashe daga reshe yana barin tabo da sai an taɓa shi da fentin azurfa. Adon da ke kewaye da tagogi da wanda ke bin gefen bodi na rufe su da siririyar takardar alminiyam mai manne, irin Bare-Metal Foil: a ɗora, a danna da auduga, a yanke da sabuwar reza ba tare da danna hannu ba, domin nauyin wuƙar kaɗai ya isa. Aikin yana cin ido, amma shi ne ya fi komai sauya kamannin motar. Fitilun baya na shafa musu fenti ja da mai launin lemo masu nuna haske, lamba X-27 da X-26 na Tamiya, a kan azurfa.

Gilashin gaba ya kusa ɓata mini aikin duka, nan ma da hannuna. Akwai ɗigon gam a babban yatsana ban sani ba, na danna gilashin don ya zauna, na ɗaga hannu na tarar da zanen yatsana a tsakiyarsa. Na cire shi, na goge da lamba 2000 har ya yi fari kamar hazo, sannan na bi shi da man sheƙi da ƙyalle mai laushi na kusan sa'a guda kafin ya dawo garau. Da na mayar da shi farin gam na ruwa na yi amfani da shi, wanda ke bushewa ba tare da launi ba. Gam mai kamawa nan take bai dace da gilashi ba, domin tururinsa yana barin farin dusashe a kai.

Ga wanda bai taɓa haɗa irin wannan ba, sassan ba za su ba shi wahala ba, kuma takardar umarnin tana nuna launin kowane abu da lambarsa, amma zan so ya fara gwada feshi a kan cokulan roba kafin ya tunkari bodin. Wanda ya saba kuwa zai sami wurin ƙara wayoyi da bututun mai a ɗakin injin gwargwadon haƙurinsa. Kifa bodi a kan faranti shi ne mataki na ƙarshe mai tsoratarwa, domin sai an ɗan buɗa gefunansa da yatsu kafin ya wuce, kuma a lokacin fenti da gilasai duk suna wurinsu. Nawa ya zauna da ƙaramar ƙara, tayoyi huɗu suka taɓa tebur a tare. Na bar bonet a rufe saboda lanƙwasarsa ta fi kyau a haka, murfin injin kuma na tokare shi a buɗe da guntuwar waya.