Eltrombopag: abin da ya yi mini da abin da bai yi ba

Ciwon ITP, wato ƙarancin filatilet a jini da garkuwar jiki ke jawowa, shi ne ya haɗa ni da ƙwayar maganin eltrombopag. Mai lafiya yana da filatilet, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, daga 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikurolita (ɗan mitsitsin ɗigo) ta jini. Nawa sun faɗi ƙasa da 30,000: ɗige-ɗige ja a ƙwauri, dasashi na jini in na goge baki, ga haɓo ba gaira ba dalili.

Ɓarnar daga cikin gida take. Garkuwar jiki ce ke ƙera antibodi, wato sinadaran yaƙi da cuta, su manne a jikin filatilet kamar an shafa musu alamar abokan gaba. Da sun ratsa saifa, manyan ƙwayoyin garkuwa da ake kira makrofaj sai su haɗiye su. Filatilet ɗin da ya kamata ya kwana 7 zuwa 10 yana yawo a jini ba ya kai labari. Ƙwayoyin T na garkuwar jiki ma suna kashe wasu, har ɓargon da ke ƙera sababbi ana taɓa shi.

Da firednisolon aka fara mini, don ya kwantar da garkuwar. Adadin ya hau, amma fuska ta kumbura, barci ya ƙaurace, kuma da an rage magani sai a koma gidan jiya.

Eltrombopag, wanda Amurka ta amince da shi a 2008, hanyarsa daban. Bai kula antibodi ba, ɓargo yake zaburarwa ya ƙera filatilet fiye da waɗanda saifa ke cinyewa. Ba ya aiki nan take, sai da aka ɗan ja lokaci. Daga baya ɗigon ƙwauri ya dushe, na daina ganin jini a buroshi. Na ji daɗin wannan ƙwarai.

Sai dai yana da ƙa'ida mai wuya. Kalsiyam da ma'adinai irinsa, kamar sinadarin ƙarfe, na hana shi shiga jini, don haka dole a bar tazarar sa'o'i tsakaninsa da madara, maganin ƙarin jini ko na ƙwannafi. Gwajin hanta da ƙidayar jini kuwa ba fashi, domin adadin da ya wuce kima na iya jawo daskarewar jini a jijiya.

Ina yaba shi, amma bai warkar da ni ba, antibodin suna nan. Likitana ya gargaɗe ni cewa dainawa kwatsam na iya sa adadin ya faɗi ƙasa da inda aka fara, shi ya sa ko rage shi ba na yi sai da izininsa.