Mai shaida ya ƙi magana: wace hanya za a zaɓa a kotunan Amurka?

Ƙarar cin zarafin yara ta kan zo ne bayan shekara ashirin ko talatin. Jihar New York ma sai da ta buɗe ƙofa daga Agustan 2019 zuwa Agustan 2021 don ƙararrakin da wa'adinsu ya wuce. Kafin ƙarar ta zo malamin makaranta ko maƙwabcin da ya ga abin ya yi ƙaura, ko ya ce ba ruwansa. Hanyoyin samun shaida uku ne, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba.

Mafi araha shi ne rubutaccen bayani bisa rantsuwa, in mutumin ya yarda don kansa. Sai dai lauyan ɗaya ɓangaren bai yi masa tambayoyi ba, don haka da wuya a karɓe shi ranar shari'a.

Ta biyu sammaci ne, a zaunar da shi gaban lauyoyi a naɗi bayaninsa. A kotun tarayya ba a tilasta masa zuwa inda ya wuce mil 100, kimanin kilomita 160, daga gidansa ko wurin aikinsa. Zaman yini ɗaya ne, awa bakwai, kuma kowane ɓangare mutum goma ne rabonsa sai da izinin alƙali. A miƙa masa dala 40 ta yinin da kuɗin mota tare da takardar. Nan ake yawan tuntuɓe, wanda ya manta da kuɗin, sammacin da ya aika na iya rushewa.

Sammaci yana kawo mutum, ba ya buɗe kowane baki. Abin da aka faɗa wa likitan ƙwaƙwalwa sirri ne, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1996. Haka ganawa da lauya, da ikirarin zunubi gaban limamin coci. Wanda ke tsoron amsarsa za ta jawo masa tuhuma kuwa yana da damar yin shiru bisa gyara na biyar na tsarin mulki.

Shi ya sa ta ukun ta fi cancanta a fara da ita: sammacin takardu. Fayil ɗin ma'aikacin da ake zargi, wasiƙar ƙorafin iyaye, takardar canjin wurin aiki da aka sa wa hannu cikin gaggawa. Hukumar da ke riƙe da takardun na da kwana 14, ko ƙasa da haka in wa'adin miƙawa ya riga, ta rubuto ƙin amincewa. A faɗi shekaru da sunan ma'aikacin ƙarara, don buƙatar "a kawo komai" alƙali datse ta yake yi.