Saƙo daga Solwezi: na'urar da ke auna tagulla tun tana cikin taɓo

Kawu, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali. Kun ce in ba ku labarin kayan ƙasar nan ta Zambiya da yadda ake aiki, musamman abin da zai amfane ku a harkar sayen dutsen dalma a wajen Wase.

Abinci dai ba baƙo ba ne. Nshima tuwon masara ne, ga kuma ƙananan kifin kapenta, amma daddawa da yaji irin namu sai an aiko. Wuta ma tana ɗaukewa. Farin da aka yi a 2024 ya janye ruwan madatsar Kariba, gidaje suka riƙa yini babu lantarki. A nan ba su fi mu da komai ba.

Inda suka yi mana nisa shi ne awo. Dutsen da ake kawowa masana'antar da nake aiki, sau da yawa tagullar cikinsa ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Ana niƙa shi da ruwa ya zama taɓo, a zuba magani irin su zantet, mai sa tagulla ta manne da kumfa, da mai tayar da kumfar, a daidaita tsami da farar ƙasa, sannan a hura iska a cikin tankuna. Ƙwayoyin tagulla su manne da kumfa su taso, tarkacen ya tafi ta ƙasa. Abin da aka kwashe a sama, tagullar cikinsa takan kai kashi 20 zuwa 30.

To, dutsen safe daban, na yamma daban. A da sai a ɗebi samfur a kai ɗakin gwaji, sakamako ya fito bayan awoyi, lokacin tagullar ta riga ta bi tarkace zuwa madatsar da ake tara shi. Yanzu akwai na'ura a tsakiyar masana'anta, bututai na kawo mata taɓo daga wurare daban-daban, tana haska shi da eksire. Kowane ƙarfe yana mayar da haske nasa na musamman, da haka take faɗin yawan tagulla da baƙin ƙarfe duk bayan ƴan mintuna. Fitacciya cikin irin waɗannan na'urori, Courier, kamfanin Outokumpu na ƙasar Finlan ne ya fara ƙera ta.

Ku ga mai kula da dare a gaban allon kwamfuta. Layin da ke nuna yawan tagullar da ke bin tarkace ya fara hawa, sai ya ƙara iska kaɗan, ya ƙara magani, ya fita ya duba kumfar da idonsa: ta yi kauri da sheƙi, ko ta yi ruwa tana fashewa? Tsofaffin ma'aikata har yanzu da ido suke fara ganewa, na'urar ce ke raba gardama. Ita ma ana bin ta da gwajin ɗaki a kai a kai, domin ɗan tsinken katako ya toshe bututun samfur sai ta fara ba da lamba marar kai.

Abin da ke ci mini rai, Kawu, a gida da ɗaga buhu da kallon sheƙin kwalli ake yanke farashi. Mai fitarwa waje shi ke da sakamakon gwaji, shi ya san ko da azurfa a ciki, mai haƙa bai sani ba, ku ma ba ku sani ba.

Babbar na'urar ba ta ɗan kasuwa ba ce. Amma akwai ƙaramarta ta hannu, irin wadda aka gwada ƙasar ƙauyukan Zamfara da ita bayan gubar dalma ta 2010 ta kashe yara sama da 400. Tana da tsada, sai dai ƴan ƙungiyarku su haɗa kuɗi. Saman dutse kawai take karantawa, don haka a daka samfur, a busar, a gauraya kafin a ɗora ta. Kuma don Allah kada a yi dakan a cikin gida, kusa da yara. Ku yi magana da shugaban ƙungiya, in ya amince zan nemo muku farashi da inda ake koyar da aiki da ita.